An aske kan da Inna take gane mu da shi

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan da sauƙi, ƙafar Kawu ma ta warware har yana fita shago. Jikin Inna ne dai, kuma shi ya sa na zauna rubuta miki, zuciyata a dagule.

Kin san tun da idonta ya tafi, mantuwa kuma ta biyo baya, Inna ba ta gane kowa da murya. Da taɓa kai take gane mutum. Duk ƙarshen mako Auta, ƙaramar 'yata, za ta zauna tsakanin ƙafafun Inna a bakin ƙofar ɗaki. Da Inna ta nutsa yatsu a gashin nan mai cika irin nata, sai ki ga tsohuwar makitsiya ta dawo. Ta kama kibiyar kitso ta tsaga tsaf, kowane layi da addu'arsa, kamar yadda ta yi mana muna yara, tana cewa kai ne mazaunin albarka, ba kowane hannu ake bari ya taɓa shi ba. Kafin ta kai ƙeya ta kira sunana, ta tambayi labarinki, har faɗa take yi mini a kan gishirin miya. Wallahi faɗan nan nake jira duk mako.

To, shugabar makarantar su Auta ta ce kitso ƙazanta ne. Ta kira mai aski, aka jera yara a tsakar makaranta aka yi musu ƙwal-kwabo, ba wanda ya tambaye ni. Na je na zazzage mata ta cikina, ta ce ai gashi ne, zai fito. Ji fa, Yaya!

Ranar kitso Auta ta zauna inda ta saba, tana kuka ƙasa-ƙasa. Inna ta ɗora hannu, ta shafa, ta sake shafawa, sai ta janye hannun ta tambaya ɗan waye wannan, a mayar da shi gidansu. Na cire ɗankwali na miƙa mata nawa, amma kin san kaina, tun haihuwar Auta ya kakkarye, babu abin kamawa. Ta dafa ni a hankali ta ce sannu baiwar Allah. Ni, Yaya, baiwar Allah! Tun ranar ba ta ƙara kiran sunan kowa ba, abinci ma sai da lallashi.

Gashin Auta sai ya yi watanni kafin ya kamu, likita kuwa ya ce a jikin Inna mu daina lissafi da watanni. Ke kaɗai kika rage mai irin gashin Inna. Don Allah ki taho, kuma kada ki sa wa gashinki man miƙarwa, ki zo da shi yadda ta san shi.

Ki gaida maigidan da Babban Yaro da 'Yar Lele. Kawu da Gwaggo suna gaishe ki. Auta ma, kullum da safe sai ta ja gashin da yatsa ta tambaye ni ko ya isa. Inna ba ta ba da saƙo ba. Na ambata mata ke, ta ce ba ta san ki ba, amma kibiyar tana hannunta, ta hana kowa karɓa.

Taki ƙanwa mai jiranki.