Shukar Chibuzo

Azare, Litinin, 9 ga Agusta, 2004

Bayan sallar asuba: taɓa ƙasar tukunya, in ta bushe a zuba rabin kofi.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kwas ɗin na Bauchi yana tafiya daidai. Yaya ƙafar? Mu nan lafiya lau. Inna ta iso daga Chinade ranar Asabar, tana sa maka albarka.

Layin da ke sama shi na fara rubutawa a littafina yau, kamar kullum tun tafiyar maƙwabciyarmu Maman Chibuzo. Sai da na ajiye biro na tuna babu abin da zan ba ruwa.

Ka san shukar, mai ganye shunayya da ratsin fari, wadda ke zubowa ta bakin tukunya. Chibuzo ce ta dasa ta a gwangwanin madara kafin ciwon da ya zama ajalinta. Da uwarta za ta tafi kudu jana'izar surukinta, makullin shago ta ba wani, kaji ta ba wata, wannan kuwa ni ta kawo wa da hannu biyu. Ta ce kada rana ta doke ta, kada in cika mata ruwa, in riƙa tsinke kan reshe in ya yi tsawo. Kwana arba'in da ɗaya ban yi fashi ba, duk yana rubuce.

Jiya na fito da ita tsakar gida ta sha iska, na tafi barka. Inna ta gan ta. Ta ce balasa ce, ciyawar da ta shekara hamsin tana cirewa a gonar gero, kuma ba ta taɓa ganin inda aka yi mata tukunya ba. Ta tuge ta, ta watsa wa awaki, ta shuka min albasa a wurin. Na dawo na tarar tana jiran godiya. Na yi mata.

Laifina ne da na fito da ita. Ko rashin faɗa wa Inna ne laifin? Na kasa tantancewa.

Maman Chibuzo ta aiko cewa za ta iso Asabar. Don Allah ka duba wurin masu sayar da furanni ko akwai irinta, ka ba direba kafin Juma'a. Ba za ta gane ba. Ina jin ba za ta gane ba.

Taka,
Jumai

Azare, Juma'a, 13 ga Agusta, 2004

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, ƙafa ta yi sauƙi. Saƙonka ya iso jiya da hantsi, Allah ya saka da alheri.

Irinta ce sak. Na cire albasar na dasa ta, ta cika tukunya har ta fi ta da kyau. Ina ta hango Maman Chibuzo tana shafa ganyen tana kiran sunan 'yarta, ni kuma ina tsaye ina kallo.

Inna ta same ni ina hawaye, na faɗa mata komai. Sai ta ɗaure zane ta fara bin tsakar gida a sunkuye, da wannan bayan nata. Ta ce in dai jinin balasa ce ba ta mutu ba. Shi ya sa manomi ba ya barin ta a kunya bayan noma, sai ya kwashe ta waje, don duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta kama. Ta duba turken awaki, ta duba bakin rariya, babu. A gindin randa ta sami 'yar gaɓa ɗaya.

Tsawonta bai kai ɗan yatsana ba. Ganye biyu ne, ɗaya akuya ta gutsire rabi. Amma akwai fararen saiwoyi uku a gaɓar. Na yi ta juya ganyen ko balasar daji ce Inna ta tsinto don ta lallashe ni. Bayansa shunayya ne. Sau huɗu na duba.

Na dasa ta a gwangwanin madara. Yanzu suna jere a taga, babbar da ƙaramar. Sau biyu na ɓoye gwangwanin a bayan buhu, sau biyu na fito da shi. Ban san ko za ta kai mako ba, ban kuma san ko Maman Chibuzo za ta sake kallona da idon da ba. Inna ta fasa komawa Chinade, ta ce hannunta ne ya tuge, da bakinta za ta faɗa.

Ka yi mana addu'a. Ka yafe min wahalar da na sa ka.

Taka,
Jumai

Na gobe:
Taɓa ƙasar gwangwani. Cokali biyu, kada in wuce.
Ɗaure awaki.
Share ƙofar Maman Chibuzo.
Cire ta Bauchi daga tukunya, ba a yi ba tukuna.
Kai mata gwangwanin, ni da Inna, kafin ta tambaya.