Hoton 'Yan Ƙugiya da Aka Liƙa wa Sunan Almakashi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Wasanni na Unguwarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina taya ku murnar sabon zauren da kuka buɗe a unguwarmu ta Mahjar, nan Jidda, musamman bangon nan da kuka jera hotunan tsofaffin ƙungiyoyin ƙwallon unguwa da suka watse. Aiki ya yi kyau, ya Ustaz. Amma akwai gyara, kuma tunda a gaban jama'a aka rataye kuskuren, a gabansu zan faɗe shi.

Ni ne Haruna, mai tsaron gidan ƙungiyar Ƙugiya tun kafuwarta har watsewarta.

Na ɗaya. Hoton da ke kusa da taga namu ne, amma an rubuta "Almakashi" a ƙarƙashinsa, har da sunayen 'yan wasansu. Almakashi masu sayar da yadi ne na kasuwar Bab Makka. Mu kuwa 'yan dako ne na tashar jiragen ruwa, sunanmu ma daga ƙugiyar jan buhu muka ɗauko shi. Ka dubi kafaɗun mutanen hoton da kyau. Awon yadi ba ya ba mutum irinsu.

Na biyu. Mun kafa ƙungiyar tun zamanin da yawancin alhazai ta teku suke sauka. Haifaffun Jidda ne mu, da 'yan uwanmu Hausawan Sudan. Bayan la'asar muke wasa a wani fili mai gishiri bayan tasha, turakun ragarmu katakon akwatin kaya. Mahaifiyata ce ta rina mana riguna da shuni, kuma duk ranar da gumi ya yi yawa, shuɗɗa muke komawa gida. Lokacin aikin hajji ba wasa, kowa na ɗaukar kaya. Da aka gina sito a filin, gwiwoyi kuma suka fara ƙara, muka ce halas, an gama.

Na uku. An ɗauki hoton ne ranar da muka ci Almakashi ɗin a wasan ƙarshe na kofin unguwanni. Kofin da ke hannuna, a hannunsu muka ƙwace shi. Yanzu abokina Alhaji Sale, tsohon ɗan wasan gabansu, duk sanda na bi ta shagonsa sai ya sa a kawo mini shayi, wai godiya yake da na riƙe musu kofi. Shayin da daɗi, amma na gaji.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda yake tsugune a gefen dama shi ne marigayi Usmanu Sudani, wanda ya ci ƙwallon nasara a ranar. Ya rasu 'yarsa Maryam tana goye, kuma ba su da hotonsa. Ni na kai ta zauren, ita da mijinta. Ta daɗe tana kallon fuskar da na nuna mata, sannan ta karanta sunan wani a ƙarƙashinta. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na tabbata, domin ni na wanke gawarsa.

Don haka ina roƙon a gyara rubutun. Mu da muka rage za mu zo mu faɗi sunan kowa, Alhaji Sale ma ya yarda zai shaida, duk da zai rasa abin tsokana. A kuma wanke wa Maryam hoton guda, ta rataye a ɗakinta.

Roƙo na ƙarshe: ku ara mana sabon filinku wata Juma'a da yamma. Tsofaffin Almakashi sun ce ramuwa suke so, mu kuwa mun ce yalla, mu je zuwa. Ku dai tanadi kujeru da man zafi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Naka,
Haruna mai tsaron gida,
Mahjar, Jidda.