Fure Huɗu a Gindin Matakala

Litinin, 5 ga Maris

Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a akurkin gilashin nan, a gindin matakalar lantarki ta tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina kallon mutanen Kyiv suna gangarowa kamar buhuna. "A tsaya dama! Ban da zama a matakala! A ɗauki kare a hannu!" Iyakar abin da lasifikata ta iya ke nan. Doka ta hana ni hira da fasinja, ni ma ban taɓa kewar hirar ba.

Fasinjan nan mai hular toka ya sake ɗaga mini hula. Sati na uku.

Talata, 6 ga Maris

Zina mai tsaron ƙofar sama ta gama bincikenta. Sunansa Panas Ostapovich, tsohon direban jirgin layin nan, matarsa ta rasu. Wai ba ya zuwa ko'ina, sauka kawai yake ya sake hawa. "Odarka Lukivna, ke yake zuwa gani, jirgi ai ya gaji da ganinsa." Na ce ta ji da ƙofarta.

Alhamis, 8 ga Maris

Ranar mata. Kowane namiji da fure a hannu, fuska a murtuke. Ƙarfe sha ɗaya da rabi Panas Ostapovich ya ƙwanƙwasa gilashina, ya miƙo jajayen furannin tulif. Na ƙirga. Huɗu! Ni da raina! A ƙasar nan wa bai san biyu da huɗu da shida na kan kabari ba ne, mai numfashi uku ko biyar ake kai wa?

Na ce, "Panas Ostapovich, yaushe na mutu ba a gaya mini ba? Ƙarfe nawa ne jana'izar?" Ashe lasifika a kunne take. Matakala uku duk sun ji. Wani daga can sama ya ɗaga murya, "Allah ya jiƙanta, ta sha yi mana faɗa!" Bawan Allah ya ajiye furen ya hau matakala. Minti biyu matakalar ke yi kafin ta kai sama, duk ƙeyarsa nake kallo.

Juma'a, 9 ga Maris

Bai zo ba. Madalla.

Furen ban zubar ba, ɓarna ce. Uku a kwalbar kokwamba, ɗaya a kofin shayina, don kada su haɗu su zama huɗu. Shayi a murfin filas nake sha.

Litinin, 12 ga Maris

Bakanike ya buɗe haƙoran matakala zai share, ya zaro wani abu a murƙushe. Kan tulif ne, ja. Ashe biyar ya saya. Matakalata ce ta cinye ɗaya a gabana, ina can ina faɗa da wata a kan kare. Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Zina ta ce kullum yana zuwa bakin ƙofa, ya leƙo, ya juya ya hau bas. "Direban metro a bas, Odarka! Kin gama da shi."

Talata, 13 ga Maris

Zina ta bugo waya, wai Panas Ostapovich yana sama. Na kunna lasifika da muryar aiki: "Sanarwa. Fasinja mai hular toka, an tsinci kayanka na biyar a cikin matakala. Ma'aikaciya ta yi kuskure. A tsaya dama."

Shugabar tasha ta sauko da kanta. "Wane kaya? Wane kuskure?" Gargaɗina na farko a shekara goma sha tara. Shi kuwa bai sauko ba. Raina ya ɓaci, kuma ba gargaɗin ne ya ɓata shi ba.

Laraba, 14 ga Maris

Ya sauko da fure ɗaya tak, ya ɗaga shi sama da kansa da hannu biyu kamar mai tsallaka kogi. "Wannan ciko ne, Odarka Lukivna, in sauran suna nan."

Sai da na duba lasifika a kashe take. Na ce doka ta hana ni hira. Na ce ƙarfe uku nake tashi, wannan kuma ba hira ba ce, lokacin aiki ne.

Kofin shayina ya dawo hannuna. Furannin suna kwalba ɗaya yanzu, huɗu sun fara sunkuyar da kai, ɗaya a miƙe. Na ƙirga sau uku kafin in tashi. Biyar ne.