Ranar Sa Hannu a Tsibirin Tsuntsaye

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin ofishinku.

Na ga katin gayyata. Tun da na zama manajar wannan tafki nake roƙon a yi dokar hana jiragen inji da lasifika kusa da tsibirin tsuntsaye lokacin kwanci. Ma'aikatar ruwa ta ce tsibiri ai ƙasa ne, ta gandun daji ta ce ai ruwa ya kewaye shi. Yanzu da zaɓe ya ƙarato an tuna da mu, har kai ka rubuta wa Ministanka dokar da hannunka. Sannu da ƙoƙari. Amma wane mai basirar ne ya ce a kan tsibirin za a sa hannu, a wannan watan? Gauraka da zalɓe duk suna kan ƙwai. In aka kore su ba za su dawo ba, baƙi masu zuwa kallo ma haka, kuma da baƙin nan masu kwalekwale ke ciyar da gidajensu. Ku yi abinku a ɗakin taro, ko ku jira a ƙyanƙyashe.

Ka gaida yara.
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ke dai ba a yi miki gwaninta. Oga ya ce sai inda za a ɗauke shi hoto da tsuntsaye a bayansa, in ba haka ba a ajiye dokar sai bayan zaɓe, kin kuwa san abin da ajiyewa ke nufi a wajenmu. Wuni ɗaya ne fa. Na ma tuntuɓi lauyanmu, ya ce kafin a sa hannu babu doka, saboda haka shigarmu ba laifi ba ce. Don Allah ki sa a sare ciyawar inda za a kafa rumfa.

Na gode, a huta lafiya.
Ƙaninki

Auta,

Ina gajiyar taro? Da fatan tafin da ka yi ta yi bai kumbura maka hannu ba.

Lauyanku dai ya manta bai sanar da tsuntsayen ba. Tun gwajin lasifika suka tashi, sama ta yi baƙi, 'yan jam'iyyarku suna shewa wai tarbar Oga ake yi. Da idona na ga wani ɗan rakiya ya cika hularsa da ƙwai. Ogan naka ya tsaya gaban bishiyoyin da ba ko fiffike, yana karanta jawabinka kan amanar halittu, kai kana gefe kana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wallahi kunya ta kama ni da aka nuna ka aka ce ƙanena ne. Ƙwan da suka rage duk sun zama baragurbi, wari ya hana mu kusantar wurin. Baƙin da suka kama ɗakuna sun tattara kayansu.

Allah ya ba da sa'ar zaɓe.
Yayarka

Yaya,

Barka da aiki. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Hotunan sun fito babu tsuntsu ko ɗaya, ran Oga ya ɓaci ƙwarai. Sabuwar dokar ta ce in tsuntsaye suka ragu, manaja za a tuhuma. Na sa wannan sashen ne don maganin ragwaye, ban kawo ki a raina ba. An kafa kwamitin bincike, kuma ni aka ba sakatare. Ki zo ofis ranar Litinin. In kin kwantar da kai kin ce sauyin yanayi ne, zan san yadda zan yi.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki

Malam Sakatare,

Saƙonka ya iso. Tsuntsaye ba su dawo ba, masu kwalekwale sun fara neman mai sayen jiragensu. Zan zo, kuma abin da na gani zan faɗa. In na shigo ka ce mini Manaja kamar kowa, kada ka kuskura ka kira ni Yaya a gaban mutane.

Wassalam.
Manajar tafki