Ba Zan Ƙwaƙule Sunan Jamiluddeen Ba

Mama Zamzam,

Don Allah ki taimake ni kafin watan nan ya ƙare, don na kai inda ko gaisuwa na buɗe baki zan yi sai ta koma faɗa. Ki yi haƙuri da Hausata, ta kasuwa ce da ta majami'a, a gida yarenmu muke yi.

Ni mai buga zane ce a nan Kafanchan. Katin aure, rigunan zumuntar mata, bajon 'yan makaranta, duk ina yi. Muna da ƙungiya ta mutum goma sha biyu: masu hoto, masu rubuta allon shago, masu zane, da irina da ke sassaƙa katako mu shafa tawada mu buga a takarda. Injin bugawa ɗaya tak gare mu, tsoho ne, sai an haɗa da addu'a yake tafiya, yana bayan shagon ciyaman ɗinmu, Oga Rufus mai hoto. Da injin nan nake ci da 'ya'yana uku.

Kowace shekara muna fitar da kalanda mai shafi shida, kowane shafi mutum biyu ke yinsa. Shekara biyar ke nan ni da Jamiluddeen muke haɗa namu. Katako biyu ne: shi yana sassaƙa na baƙi, wato layin fuska da hannu da duk abin da zai sa a gane mutum, ni kuma na ja. A buga nawa tukuna, ya bushe, a ɗora nasa a kai. Al'adarmu ita ce mai baƙi shi ke sassaƙa sunaye biyun a ƙasa, kuma da na abokin aikinsa zai fara. A juye ake sassaƙa harafi, Mama, kuma sunana dogo ne. Kwana biyu yake yi a kansa yana mita, wai da iyayena sun san wahalar katako da sun taƙaita. Ni ma ba na raga masa. Shi kuma ya ce jan da nake haɗawa kamar miyar da aka yi wa rowar manja.

Shafinmu na bana hoton matan da ke sayar da citta ne a tashar jirgin ƙasa. Ya gama nasa tun farkon shekara, don shi ba ya son aikin gaggawa. Sai rikicin nan na watan Maris ya tashi tsakanin Kirista da Musulmi. Bayan abin ya lafa, Jamiluddeen ya zo min da katakon a naɗe cikin takardar siminti, ya ce zai kai mahaifiyarsa da matarsa Keffi wajen dangi, sati biyu ya dawo. Yau wata bakwai.

Yanzu lokacin bugu ya zo, muka yi mitin. Oga Rufus ya ce majami'u su ne manyan masu sayen kalandarmu, kuma wasu sun aiko cewa bana ba za su rataya abin da ke da sunan Musulmi ba. Wai hoton ya tsaya, ya yi kyau, amma in ɗauki wuƙar sassaƙa in ƙwaƙule sunan Jamiluddeen, nawa ya rage shi kaɗai. Aikin minti biyar ne, in ji shi. Aka ɗaga hannu, kowa ya bi shi sai ni. Abin da ya fi ci min rai shi ne Abdu mai rubuta allo, Musulmin da ya rage mana, shi ma ya ɗaga nasa yana kallon ƙasa.

Na tashi na faɗa musu cewa ba zan yi ba, ko za a haɗa da fasto da dattawa. Mutum ya zauna kwana biyu yana fitar da sunana harafi harafi, ni in share nasa cikin minti biyar, in tsaya a kan aikinsa in ce nawa ne? Ai wannan sata ce, ko da an buɗe ta da addu'a. Oga Rufus ya ce in ban kawo katakon a gyare ba ranar mitin na gaba, in manta da ƙungiya, in manta da injin. Na ce ya jiƙa injin ya sha. Na san ban kyauta ba, ya girme ni, kuma ƙanensa ya ji rauni a Zariya a wannan rikicin, har yau da sanda yake tafiya. Amma Jamiluddeen ne ya buge shi?

Mijina Meshak ya ce in yanke kawai, katako ne, mutumin da ya tafi bai ma aiko da gaisuwa ba. Da na ga yana zagaya inda nake ajiye kayan aiki, sai na ɗauki katakon na kai Fadan Kaje na cusa a rumbun accar mamana. Ba wanda ya sani sai ke yanzu.

Ba izini nake nema ba, Mama, ba zan yanke ba. Abin da nake so ki gaya min, yaya zan yi in riƙe sunan nan ban bar 'ya'yana da yunwa ba?

Mai Jan Launi, Kafanchan

*

'Yata Mai Jan Launi,

Kada ki yanke. A nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Katakon amana ce aka ba ki, kuma ba ki da ikon taɓa shi, ƙungiya ma ba ta da shi.

Amma zauna, ina da magana da ke. Kin rubuto min doguwar wasiƙa, kin faɗi ra'ayin Rufus, na Abdu, na mijinki da naki. Ban ga inda kika tambayi mai sunan ba. Kina fushi bai aiko da gaisuwa ba, ke kin aika? Keffi ba bangon duniya ba ce, mota na zuwa kullum. Ki je da mijinki, ki gaishe da tsohuwarsa, ki faɗa masa abin da ake ciki ba ƙari ba ragi. Wataƙila ya ce a bar sunansa kowa ya gani. Wataƙila kuma yana da dalilin da ba ya son sunansa ya rataya a bangon mutane bana. Hannun da Abdu ya ɗaga yana kallon ƙasa, ni ban ga munafunci a ciki ba, tsoro na gani. Ki same shi shi kaɗai ki ji ta bakinsa.

Shi kuma Rufus, hukuncinsa ba daidai ba ne, amma abincin gida goma sha ɗaya yake dubawa, ga ciwon ƙanensa a zuciya. Ki je ki ba shi haƙuri kan maganar injin, ita kaɗai. Neman gafara a kan zagi ba janye magana ba ne.

Ranar mitin, kada ki yi dogon jawabi. Ki buga katakonki na ja shi kaɗai a takarda ɗaya, ki ajiye a tebur, ki tambaye su ko wace majami'a za ta sayi wannan. Dukansu ma'aikata ne, za su ga abin da ya rage in an cire hannun Jamiluddeen. Sannan ki faɗa musu saƙonsa. In ya ce a bar sunan, to ko dai shafin ya fita da suna biyu, ko ki janye shi gaba ɗaya su cike gurbin da wani aiki. Ba su da hujjar korarki don kin ƙi ba da abin da ba naki ba. In sun nace, akwai masu injin a Zonkwa, ki fara tambaya tun yanzu don kada a same ki ba shiri.

In kuma shi da bakinsa ya ce a ɓoye sunan bana, na tambayi masu buga jaridar nan, sun ce ba sai da wuƙa ba. Ana rufe wurin da 'yar takarda lokacin bugu, tawada ba za ta kama ba. To ki rufe sunayen duka biyu, nasa da naki, shafin ya fita ba suna. Ranar da ya dawo ya kwance takardar simintinsa, ya tarar da katakonsa yadda ya bar shi.

Ki ɗauko shi daga rumbun nan kafin gara ta yi wa Rufus aikin da kika ƙi yi. Allah ya huci zuciyarki, ya tsare miki sana'arki, ya zaunar da garinku lafiya.

Mama Zamzam