Wa Zai Ja Jirgin?

Al Satwa, Dubai

Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki? Yaya ƙanwarmu Chastity da mutanen Ibi baki ɗaya? Ni da yayana Jeffrey muna lafiya. Matata Edith ma tana gaishe ki, ko da yake na san ba kya tambayarta.

Maganar jirgin ruwan da muka yi miki alkawari, don ki huta da aron kwalekwale in za ki haye Binuwai zuwa gona, ta kankama. Ran Lahadi daga coci muka wuce wurin masu sayarwa. Biyu muka samu na alminiyom, irin ƙarfen tukwanenki, kamar an tsaga kara. Tsawo ɗaya, kuɗi ma kusan ɗaya. Sai dai ɗaya gindinsa mai tsini ne, jikinsa da kauri, ɗayan kuwa shimfiɗaɗɗe kamar faranti.

Mai wurin ya zaga da mu cikin teku a mai tsinin. Kai Mama, yanka ruwa yake yi! Ni da Jeffrey har mun ce khalas, wato magana ta ƙare, muna hango yadda mutanen bakin kogi za su saki baki.

Muna waiwayawa sai ga Edith ta tuɓe takalmin coci, ta gyara ɗaurin zani, ta kama hancin jirgin tana ja a kan yashi. Ko gezau. Ta koma kan shimfiɗaɗɗen, ya biyo ta salin alin. Kunya ta kama ni, na ce mata jirgi muka zo saya ba rago ba. Ita kuwa ta ce a nan akwai wurin ɗaure jirgi, akwai ƙarti, amma a Ibi in ruwa ya janye ya bar laka, wa zai ja shi? Mazan gidan ga mu nan mu biyu a Dubai, saura ke da Chastity. Zuwanta gida sau ɗaya tak, ashe ta lura da yadda kike jan kwalekwale kina ɗingishi. Ni da aka haifa a bakin ruwan, burga nake nema.

Zaɓinta muka saya, zai biyo kwantena. Na san kin ce Edith 'yar Kaduna ce, ba ta san ruwa ba sai na famfo, kuma maganar tana ci mata rai fiye da yadda take nunawa. Ina roƙonki ki sake dubawa. In ya iso ki sa a rubuta sunan marigayi Baba a jikinsa.

Ɗanki,
Yunana

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan ruwan bana ya zo da sauƙi. Hoton da Chastity ta turo ya iso. Ga ki nan ke da ita kun fito da jirgin kan tudu, ba wanda kuka roƙa.

Na ƙura ido ina neman sunan Baba, sai na ga EDITH da jan fenti, ɓaro-ɓaro. Chastity ta ce cewa kika yi sunan Baba yana kan 'ya'yansa, jirgi kuwa na wadda ta tuna da ƙafarki ne.

Tun aurenmu ban taɓa ganin hawayen Edith ba sai ran nan. Ta ce in gaya miki, in mun zo Kirsimeti ke za ki koya mata tuƙi.

Allah ya ja kwana, Mama.

Ɗanki da 'yarki,
Yunana da Edith