Yatsun da Suka Daina Jin Gashi

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ciwon ƙafar nan ya bar ki kin huta. Mu nan sai godiya.

Kin yi ƙorafi wai rubutuna ya lalace. Ba ganganci ba ne, Yaya. Wata huɗu ke nan kan yatsuna ya mutu. Da farko kamar ana tsira min allura, yanzu kuwa shiru kake ji. Likita ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiya. Na tambaye shi yaushe za su dawo, sai ya hau duba takarda.

Ke kika koya min aikin gyaran gashin nan, kin san gashi irin namu mai murɗewa ba da ido ake gane damuwarsa ba. Sai an jiƙa sili ɗaya, a murza, a ja a hankali. In ya katse nan take, ƙishi yake ji, a ba shi ruwa da mai. In ya miƙe kamar cingam ya ƙi komawa, danshi ya yi masa yawa, ƙwai yake nema ko ruwan shinkafa, abin da 'yan boko ke kira furotin. Shekara ashirin da biyu ban taɓa kuskure wannan ba, har ina yi wa mai shagon tsallaken titi dariya don ita bayan kwalba take karantawa. Yanzu silin yana zame min ban sani ba, in kuma na kama shi, ban san da wane ƙarfi nake ja ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Don Allah kar Inna ta ji.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun wuni lafiya. Na ga saƙonki. Kin ce in huta. In huta in zama wa?

Na gwada wata dabara. Leɓena yana ji har yanzu, sai na riƙa faki ido ina goga silin a kansa. Kwana tara abin yana tafiya, har matar mai gidan burodi ta hango ni a madubi. Ta miƙe da kumfa a kai, ta ce ita ba ta zo a lashe mata gashi ba. Kafin la'asar duk layin ya ɗauka wai asiri nake yi. Ki yi dariya in kina so, ni ma na yi, sannan na shiga bayan labule na yi kuka.

Amma ba wannan ne ya fi cin raina ba. Kin tuna malamar makarantar nan mai tabarau, wadda rilaksa, man miƙar da gashin nan, ta ƙone wa kai? Shekara tara ina rainon gashinta, daga ɗan tsugul har ya sauko kafaɗa. Ta zo tana cewa ya yi mata wani iri. Kunya ta hana ni cewa ban iya ganewa ba, sai na yi canke. Na ce ƙwai. Sati uku a jere ina lafta mata ƙwai da ruwan shinkafa, ashe ruwa bawan Allah yake roƙo. Ya bushe ya sandare, ni kuwa hannuna yana ciki ban ji komai ba. Ranar Asabar na sa mataji, da kunnena na ji yana karyewa, ƙas, ƙas. Ya zubo mata a cinya tuli guda. Ba ta zage ni ba. Ta tattara abinta a gyale ta fita. Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ki gaida min yara ɗaya bayan ɗaya. Jikin da sauƙi, in ban da hannun.

Likita ya fito fili wannan karon. Abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tare saura.

Jiya da hantsi ina zaune, kujeru uku babu kowa, sai ga malama. Ta cire ɗankwali, ta aske kan ƙwal. Ta zauna a kujerar da ta saba, ta ajiye tabarau, ta ce, "To, mu sake daga farko. Shekara tara ba wani abu ba ne."

Na tsaya a bayanta na ɗora hannu a kanta, kamar na dafa bango. Nan na gaya mata gaskiya duka: sugar, da leɓen, da canken da na yi da gashinta. Na ce ta tsallaka titi wajen mai karanta kwalba, ko ba komai ita yatsunta na da rai. Na ce ƙarshen wata zan mayar da makullin shago.

Na daɗe ina jira ta tashi, kaina a sunkuye, ina jin haushin me ya zaunar da ita. Da na ɗago na kalli madubi, sai na ga ashe tun ɗazu ta miƙo hannu ta riƙe min yatsu.

Yanzu kina iya gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Auta